Hasashen da Aka Yi wa Dajin Sakkwato, Daga 1935 Zuwa Yau

A ranar 15 ga Maris 1903 rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta yi karo da sojojin Birtaniya a filin Giginya, a wajen ganuwar Sakkwato. Sunan bishiyar bai ɓace ba: yana kan barikin soja, da filin wasa, da otal. Amma bishiyar da ke ba birnin inuwa a yau dogon yaro ce, baƙuwa daga Indiya wadda aka yaɗa a zamanin mulkin mallaka. Canjin ya zo sannu a hankali, har mazauna birnin suka saba da shi ba su lura ba. Masana kuwa sun fi shekara tamanin suna ƙoƙarin faɗin inda zai kai, kuma tarihin wannan ƙoƙari ya cancanci a waiwaye shi kafin a amince da sabon hasashe.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ɗaga murya shi ne E. P. Stebbing, farfesan ilimin gandun daji a Edinbura. Ya ratsa arewacin Najeriya da kudancin Nijar a 1934, sannan a 1935 ya shaida wa masana labarin ƙasa a Landan cewa Sahara na gangarowa kudu da kimanin kilomita ɗaya a shekara, kuma in ba a dasa katangar itatuwa ba, ƙasashen kan iyaka za su tashi. Maganar ta girgiza hukuma. Aka kafa kwamitin haɗin gwiwar Ingila da Faransa, ya bi iyakar daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937, ya dawo da rahoton cewa bai ga hamada na tafiya ba, sai dai saran daji da noma da ke rage itatuwa. Masu suka sun ce Stebbing ya ga ƙasar ne da rani, ya ɗauki hunturu a matsayin mutuwa. Shekarun 1950 suka zo da ruwa mai yawa, aka ajiye batun.

Gargaɗin gaske ya zo ta wata hanya da babu wanda ya zata. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka tarar cewa wata ƙaramar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro, wadda ke yin sanyin hunturu a Sahel, kusan kashi 70 cikin 100 nata ba su koma ba. Sai a 1974 aka wallafa binciken da ya danganta hakan da ƙarancin ruwan 1968 a kudu da Sahara. Kafin lokacin, farin 1972 da 1973 ya riga ya kwantar da shanu a lardin Sakkwato, na 1983 da 1984 kuma ya zo ya ƙarasa. Tsakanin shekarun 1950 da na 1980 ruwan Sahel ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Tafkin Kalmalo da ke kusa da Illela, wanda ya daɗe yana ciyar da masunta, ya ƙafe.

Ba komai ne za a ɗora wa sama ba, kuma a nan ne yawancin masu hasashe ke tuntuɓe. A 1853 Heinrich Barth ya ratsa dajin Gundumi a hanyarsa ta zuwa Wurno, ayarinsa ya yi fiye da yini guda yana tafiya ba zango saboda tsoron harin Gobirawa. Yaƙi ne ya tsare wannan daji. Da zaman lafiya ya samu, gatari da garma suka shiga. (Abin takaici, tsoro ne ya sake hana mutane shigarsa a yau.) Haka fadamar Rima. An kammala madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima a 1984. Binciken William Adams ya nuna cewa ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori sun rasa ambaliyar da ke jiƙa fadamarsu, shinkafa ta ja baya ga gero da dawa, kifi ya ragu. Kifi yana bin ambaliya ne ya yi ƙwai a cikin ciyawar fadama. In an tare ruwan, ko damina ta yi kyau, ba zai samu wurin haihuwa ba. Ita ma ungulu, wadda aka saka cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a 2015, guba da kasuwar magungunan gargajiya ne suka fi cinye ta.

Masu hasashen zamani suna da kayan aikin da Stebbing bai mallaka ba. Sukan tattara wuraren da aka ga wata halitta, su auna zafi da ruwan da take jurewa, sannan kwamfuta ta zana inda irin wannan yanayi zai koma nan da shekara hamsin. Da wannan dabara ce wani bincike na 2004 ya ce kashi 15 zuwa 37 cikin 100 na halittun da ya duba za su kama hanyar ƙarewa kafin 2050. Matsalar Sakkwato ita ce lissafin ya dogara da ruwan sama, ruwan Sahel kuwa ya ƙi bin ƙa'ida. A tsakiyar shekarun 2000 wani tsarin lissafi na Amurka ya hango fari mai tsanani, wani na Japan ya hango damina mai yawa, a kan ƙasa ɗaya. Abin da ya tabbata shi ne zafi na ƙaruwa, a garin da ma'auni ke wuce 40 a watan Afrilu, kuma manyan hadura na Sahel sun ninka sau uku tun 1982, kamar yadda wani bincike na 2017 ya gano. Sakkwatawa sun ga irin wannan ruwa a Satumban 2010, lokacin da ambaliya ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ruwan da ya zubo a dare ɗaya gudu yake yi, ba ya sauka ga saiwa.

Shi ya sa koren da tauraron ɗan Adam ke nunawa tun shekarun 1990 zai iya ruɗin mai kallo. Binciken Patrick Gonzalez da abokan aikinsa a sassan Sahel ya gano cewa tsakanin 1954 da 2002 bishiya ɗaya cikin shida ta mutu, kuma nau'i ɗaya cikin biyar ya ɓace daga wuraren da aka duba. Masu tafiya su ne masu son danshi, masu 'ya'ya, irin su kaɗanya da ɗorawa da ɗinya. Masu zama su ne masu ƙaya da jure ƙishi, irin su aduwa da bagaruwa. Daji na iya yin kore alhali ya talauce, kuma mai daddawa za ta ji wannan talauci kafin ma'aikatar muhalli.

A ƙetaren iyaka kuma an yi abin da babu lissafin da ya hango. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka fara barin tohon kututture a gonakinsu maimakon sarewa, gawo ya dawo, har aka ƙiyasta fili mai faɗin hekta miliyan 5 ya sake samun itatuwa. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996, sannan suka haura 600 bayan an kare su. A Najeriya babu ko ɗaya da ya rage. Ruwan sama iri ɗaya ne ya sauka a ɓangarorin biyu. Bambancin ya fito ne daga wanda ke da ikon bishiyar da ta tsiro a gona.

Katangar da Stebbing ya nema ta dawo a 2007 da sunan Babbar Ganuwar Itatuwa ta Tarayyar Afirka, Najeriya ta kafa mata hukuma a 2015, Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. Rahotannin irin wannan aiki sun fi ƙidaya yawan dashen da aka raba. Ba su cika faɗin nawa ne ɗorawa, nawa ne dogon yaro, ko nawa suka kai damina ta uku ba.