Gyaran Tankin Mota a Maraɗi da Gadon Maƙera

Bayan da ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 ta cinye tsohon gari, hukuma kuma ta mayar da jama'a bisa tudu, sabuwar Maraɗi ta tashi ne a daidai zamanin da cinikin gyaɗa yake bunƙasa, kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA suna awo, manyan motoci kuma suna karɓe wa raƙuma da jakuna wahalar kai buhuna Kano, inda layin dogo ya isa tun 1911. Mota dai ta zo, amma kayan gyaranta suna nesa, suna da tsada. Don haka lalura ta wajabta wa mutanen gari su nemi magani a cikin ilmin da Allah ya riga ya hore musu.

A ganina, babu inda wannan hikima ta bayyana kamar a gyaran tankin mai. Peugeot 404, wadda aka fara ƙerawa a 1960, da 504 da ta biyo ta a 1968, su ne suka daɗe suna jigilar 'yan kasuwa tsakanin Maraɗi da Tibiri, da masu kayan lambu daga Jiratawa, balle bayan da aka soma harhaɗa su a Kaduna a 1975. Tankunansu na ƙarfe ne, kuma kowane tanki yana bukatar kafar da zai shaƙi iska gwargwadon yadda mai yake raguwa, wadda galibi siririn bututu ce da aka liƙa a samansa. Idan gargadar hanya da tsatsa suka tsaga gindin bututun nan, sai warin fetur ya cika mota duk sa'ad da aka cika tanki, idan kuwa zanzaro ya toshe bakinsa da laka, sai inji ya riƙa shiɗewa alhali ga mai a ciki.

Direba a daji sabulu yake murzawa ya danna a tsagar, domin fetur ba ya narkar da shi. Gyara na haƙiƙa kuwa sai a gareji, kuma a nan ne ake ganin hannun maƙeran farfaru, waɗanda suka san dalma da sinadari tun kafin mota. Sai a sauke tankin, a juye mai, a wanke shi da ruwa da omo sau da dama, a shanya har wari ya gushe, saboda tururin da ya saura ya fi man kansa haɗari. Sannan maigida ya kankare gindin bututun har ƙarfe ya yi fari, ya gasa guntun jan ƙarfe a garwashi nesa da tankin, ya zagaye tsagar da dalma, yaro kuma ya hura iska da baki, a shafa kumfar sabulu a duba ko za ta yi ƙwai. Ba a barin almajiri ya taɓa wannan aiki sai ya shekara yana wanki da miƙa kaya, kuma wannan tarbiyya ce ta tsare rayuka masu yawa.

Motocin yau da dama tankin roba gare su, wanda ba a yi masa dalma, sai dai a sauya. Dattawan da suka ƙware a wancan aiki suna ƙarewa, saboda haka ina roƙon ɗaliban tarihi na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su je garejin Maraɗi su rubuta sunayensu da silsilar waɗanda suka koya musu, tun suna raye.