Yaron da ya nemi ƙarin kunu

A Najeriya idan aka kira mutum Oliver Twist, ana nufin mai haɗama ne, wanda ba ya ƙoshi. To, gaskiya an zalunci yaron nan, bari ku ji asalin maganar.

A 1834 majalisar Ingila ta yi sabuwar dokar talakawa. Wanda ya rasa abin ci sai ya shiga gidan aikin gajiyayyu, a raba miji da mata, a raba iyaye da 'ya'ya. Da gangan aka tsara rayuwar ciki ta fi ta lebura mafi talauci ƙunci, don kada mutane su yi ta tururuwa. A 1837 Charles Dickens ya fara fitar da labarin Oliver Twist a mujalla, kashi-kashi. Shi kansa ya san wahala: yana shekara 12 aka ɗaure mahaifinsa saboda bashi.

A labarin, kunu ne tsararo sau uku a rana, albasa sau biyu a mako. Kwanukan yaran ba sa bukatar wanki, cokali ya sude su tas. Kuma ku lura, ba kwaɗayi ya tashi Oliver ba. Yunwa ta kai wani yaro ya ce zai cinye na kusa da shi cikin dare, sai yaran suka yi ƙuri'a, ta faɗa kan Oliver. Ya je ya nemi ƙari, aka kai masa duka da ludayi, aka kulle shi, aka sa fam 5 ga duk wanda zai ɗauke shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yana gaba. Da ya gudu ya isa Landan, wa ya karɓe shi da abinci mai zafi? Fagin, uban ɓarayi, yana soya nama a kasko, ya ba shi ya ci, sannan aka fara koya masa yankan aljihu. Fim ɗin David Lean na 1948 da Oliver! na 1968 duk sun riƙe waɗannan wurare biyu.

Wai Dickens ya yi ƙari? A 1845 aka gano cewa a gidan gajiyayyu na Andover, mutanen da aka sa fasa ƙasusuwan dabbobi suna rige-rigen gwiguyar ruɓaɓɓen ɓargon da ke ciki.