Masunta da Takobin Gora: Tarihin Ƙungiyar Kendo ta Steveston

A yammacin Kanada, daidai inda kogin Fraser ke juye ruwansa cikin teku, akwai wani tsohon garin masunta da ake kira Steveston. Yau ya zama unguwa a cikin birnin Richmond, kudu da Vancouver, kuma yawancin baƙinsa yawon buɗe ido ke kai su, su ci soyayyen kifi a bakin ruwa su kama gabansu. Amma wanda ya ratsa kusa da filin shaƙatawar garin da daddare, a ranar da ake horo, zai ji wata hayaniya na fitowa daga wani gini mai rufi irin na Japan: ihu mai tsawo, ƙarar gora a kan gora, da dukan ƙafa a daɓen katako kamar ana sussuka. Baƙo sai ya ɗauka faɗa ne ya kaure. 'Yan ƙungiyar kendo ta Steveston ne ke atisaye, kuma in aka bi salsalarsu, sun haura shekara ɗari suna wannan ihu a garin, in ban da shekara 16 da aka yi tsit.

Kendo wasan takobi ne na Japanawa, kalmar ma tana nufin hanyar takobi, sai dai babu kaifi a hannun kowa. Abin dukan, wanda suke kira shinai, tsagin gora huɗu ne aka haɗe da fata da tsirkiya, tsawon na manya kusan santimita 120. Ɗan wasa yakan rufe kai da kwalkwali mai shingen ƙarfe a fuska, ya sa safar hannu mai kauri, ya ɗaura sulke a ciki da ƙirji, ƙafa kuwa ba takalmi. Tufafin, riga da wani wando mai faɗi kamar buje, bisa al'ada da shuni ake rina su, kuma sabo yana zuba, har mai shi ya tashi daga horo da wuya shuɗi. Duk wanda ya taɓa sa sabuwar riga daga marinar Ƙofar Mata ya san zancen. Wuri huɗu kacal ake nema a jikin abokin karawa: kai, tsintsiyar hannu, gefen ciki, sai sukan maƙogwaro. Kuma ba kowane duka ake ƙirgawa ba. Sai murya da takobi da ƙafa sun sauka tare, mai dukan ya kira sunan wurin da ya doka, sannan ya wuce yana nan a shirye kamar faɗan bai ƙare ba. Alƙalai uku ne ke tsaye da tutoci, ja da fari. Wanda ya ci maki ya ɗaga hannu yana murna, ana iya soke makin nan take.

A can gida Japan, takobin gora da sulken horo sun yaɗu ne tun farkon ƙarni na 18, don mayaƙan samurai su riƙa gwada juna da gaske ba tare da an yi jana'iza ba. Da gwamnatin Meiji ta hana yawo da takobi a 1876, sai sana'ar malaman takobi ta durƙushe, har wasunsu suka koma nuna wasa a dandali don neman na cefane. 'Yan sanda ne suka fara tsamo ta, bayan sun ga amfanin takobi a tawayen Satsuma na 1877. A 1895 aka kafa babbar ƙungiyar wasannin yaƙi ta Dai Nippon Butoku Kai a Kyoto, daga nan wasan ya shiga makarantu. Saboda haka samarin da suka bar Japan a farkon ƙarni na 20, wasunsu sun taɓa riƙe shinai.

Abin da ya kai su Steveston kifi ne. A 1888 wani kafinta mai suna Gihei Kuno, mutumin ƙauyen Mio a lardin Wakayama, ya iso bakin Fraser ya ga yadda kifin salmon ke tururuwar hawa kogi. Mio ƙauye ne matalauci, noma ba ya ciyarwa, kamun kifi ma ba ya isa. Kuno ya aika gida cewa a zo. Aka zo kuwa, wa ya kira ƙane, ƙane ya kira aboki, har aka yi wa Mio laƙabi da ƙauyen Amurka saboda yawan 'ya'yansa da ke ƙetare. A shekarun 1890 masana'antun sa kifi a gwangwani sun jeru a gaɓar Steveston, fiye da goma, cikinsu har da ta Gulf of Georgia da aka gina a 1894, wadda yau ta zama gidan tarihi. Maza na kan ruwa, mata kuwa, bayan sun fara zuwa da yawa daga wajen 1908, suna tsaye a masana'anta suna wanke kifi da cusa shi a gwangwani, wasu da goyo a baya.

Zaman bai yi daɗi ba. Tun 1895 lardin British Columbia, inda Steveston yake, ya hana Japanawa jefa ƙuri'a, ko da a Kanada aka haife su. A 1907 gungun masu ƙin jinin 'yan Asiya suka far wa unguwannin 'yan Sin da Japanawa a Vancouver. A shekarun 1920 hukuma ta riƙa zaftare lasisin kamun kifi da ake ba su. Mutanen da aka rufe wa ƙofa haka sukan gina nasu ɗakin, kuma haka masuntan Steveston suka yi: suka kafa ƙungiyar taimakon juna, suka gina asibitinsu, da makarantar koyon Japananci, da wurin ibada. A cikin wannan jerin ne zauren kendo ya shigo. A 1914 wani mai suna Kentaro Tsuzuki ya buɗe zauren horo da aka sa wa suna Yokikan, kuma daga shi ake lissafin tarihin kendo a Kanada baki ɗaya. Daga baya Yuichi Akune ya zama jigon masu koyarwa a wurin.

Ba a rasa dalilin da ya sa wasan ya kama ƙasa a garin masunta ba. Kifin salmon da bazara yake zuwa, sai a yi 'yan watanni ba barci, sannan hunturu ya shigo da ruwan sama da dogon dare, a rasa abin yi sai gyaran koma da jirgi. Samari masu ƙarfi a jika, ga ɗan kuɗi a aljihu, ga gidajen caca da giya a buɗe: dattawa sun san inda wannan hanya ke kaiwa. Zauren horo ya zama wurin da ake ƙona ƙarfin nan ba tare da an je ofishin 'yan sanda ba. Kamar yadda dambe a wurinmu ya daɗe yana rataye da mahauta, haka kendo a Steveston ya rataya da masunta. Ga iyayen da ke ganin 'ya'yansu na tashi da Turanci a baki kuwa, akwai wata riba ta daban. A zaure da Japananci ake ƙirge, da shi ake gaisuwa, kuma yaro ba ya taka daɓe sai ya rusuna.

A nan akwai wata gaskiya da masu ba da labarin ƙungiyoyi irin wannan kan yi saurin tsallakewa. A shekarun 1930 gwamnatin soja a Japan ta mai da kendo kayan cusa wa matasa aƙidar yaƙi, kuma warin abin ya kai har ƙetare. Yawancin masuntan Steveston ba su da haɗi da wannan siyasa, kifinsu ne a gabansu. Amma ga maƙwabcin da tun asali ba ya ƙaunarsu, ganin samari cikin sulke suna ihu da sanduna ya ishe shi hujja.

Ranar 7 ga Disambar 1941 Japan ta kai hari kan sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor. Cikin 'yan kwanaki sojojin ruwan Kanada suka fara tattara jiragen kamun kifi na Japanawa, kusan 1,200, aka ja su sama da kogi aka ɗaure su jingim kusa da New Westminster, wasu suka lalace a wurin, sauran aka sayar da su da arha. A watan Fabrairun 1942 aka ba da umarnin kwashe duk mai jinin Japan daga nisan mil 100 da gaɓar teku. Mutum kusan 22,000 abin ya shafa, mafi yawansu 'yan ƙasar Kanada ne, ko ta haihuwa ko ta takarda. Dubbai sun fara kwana a rumfunan dabbobi na Hastings Park a Vancouver kafin a rarraba su. Wasu iyalan Steveston aka kai su Greenwood, tsohon garin haƙar ma'adinai da ya zama kufai, wasu kuma gonakin gwozar sukari a Alberta da Manitoba, inda masunci ya wuni a duƙe yana cire ciyawa. Sama da mutum 2,000 suka bar yankin Steveston, garin ya zama kamar an yi shara. Gidaje da kayan da aka ce za a adana musu, gwanjonsu aka yi ba da izininsu ba. Yokikan ya rufe.

Wasan dai bai mutu ba, don abin da ke cikin ƙafa da kafaɗa ba ya shiga gwanjo. Mazan da suka yi gardama da umarnin raba su da iyalansu, ɗaruruwansu aka tura sansanin fursunoni na Angler a arewacin Ontario, inda ake sa musu riga mai babban jan da'ira a baya. A cikin wannan waya ma an buɗe zauren kendo an ci gaba da horo. A Japan kanta, bayan an ci ta da yaƙi a 1945, sojojin mamaya suka haramta wasan, aka rusa Butoku Kai, kuma sai a 1952 aka kafa sabuwar hukumar kendo ta ƙasa, wadda ta sake gabatar da shi a matsayin wasa da tarbiyya.

Kanada ta fi jinkiri wajen sakin mutanenta. Yaƙi ya ƙare a 1945, a 1946 aka tura kusan mutum 4,000 Japan, wasunsu ba su taɓa ganin ƙasar ba, amma sai ranar 1 ga Afrilun 1949 aka bar sauran su koma bakin teku, aka kuma ba su damar zaɓe. Waɗanda suka dawo Steveston kaɗan ne daga cikin waɗanda suka tafi, kuma hannu rabbana suka dawo. Kamfanonin kifi, da suka san ƙwarewarsu, suka ba su bashin jirgi da koma. Mutumin da ke biyan bashi ba ya fara da sayen sulke, shi ya sa aka ɗauki shekaru. 'Yan judo, waɗanda tabarma kawai suke bukata, su suka riga farfaɗowa a 1953.

Abin da dattawan suka yi a wannan tsakanin shi ne, a ganina, mafi muhimmanci a duk labarin. Suna iya sake gina zaurensu su kaɗai kamar dā, kuma babu mai ganin laifinsu. Maimakon haka, da ake haɗa kuɗin gina cibiyar al'umma ta Steveston, wadda aka buɗe a 1957, sai suka zuba kuɗinsu a ciki, bisa fahimtar cewa za a ba judo da kendo wuri. A 1958 Rintaro Hayashi da Moriharu Tanigami, waɗanda suka san wasan tun kafin yaƙi, suka sake tayar da horo, wannan karo da sunan garin: ƙungiyar kendo ta Steveston. Mutanen da aka kora da cewa ba 'yan gari ba ne suka sa wa abinsu mafi daraja sunan garin, suka bar ƙofa a buɗe ga 'ya'yan kowa. Ko yafiya ce, ko dabarar wanda maciji ya sara, ko duka biyun, abin ya yi aiki.

Daga nan girma ya zo da sauri. A farkon shekarun 1960 aka fara gasar shekara-shekara ta Steveston, wadda take cikin mafi daɗewa a Arewacin Amurka, kuma da hunturu ake yin ta, lokacin da masuntan dā ke da sarari. A 1966 aka kafa hukumar kendo ta Kanada, a 1970 aka kafa ta duniya aka kuma yi gasar duniya ta farko a Japan. Wurin da aka ba su a cibiyar al'umma ya yi kaɗan, sai aka sake zagayawa da ƙoƙon bara, hukumar gari ta sa hannu, aka buɗe Cibiyar Wasannin Yaƙi ta Steveston a 1972: gini mai fasalin Japan, ɓangare ɗaya na judo, ɗaya na kendo, 'yan karate ma suka samu gurbi. A 1973 Richmond ta ƙulla ƙawance da birnin Wakayama, a lardin da Gihei Kuno ya fito. Neman afuwar gwamnati kuwa ya yi nawa, sai ranar 22 ga Satumbar 1988 Firaminista Brian Mulroney ya miƙe a majalisa ya amsa laifin, aka ba kowane wanda ya rage da rai dala 21,000. Da yawan waɗanda suka taka daɓen Yokikan ba su kai wannan rana ba.

Su ɗin da ya haifi ƙungiyar shi ne ya tsufa ya bar ta. Salmon ya ragu, masana'antun gwangwani suka rufe ɗaya bayan ɗaya, gidaje masu tsada suka maye gurbin rumfunan koma. Richmond ta cika da baƙi daga Hong Kong da Taiwan da ƙasar Sin da sauran wurare, kuma 'ya'yansu ne da yawa a layin masu horo a yau, tare da jikoki da tattaɓa-kunnen masuntan Mio. Ƙungiyar ta ba ƙasar Kanada 'yan wasa da masu horarwa a gasar duniya, amma tafiyarta har yanzu ta 'yan sa-kai ce: malamai na zuwa bayan sun tashi daga aikinsu, iyaye na jigilar yara da haɗa abinci ranar gasa. Sabon shiga yakan yi watanni yana jan ƙafa a daɓe yana saran iska kafin a bar shi ya sa sulke, kuma tafin ƙafarsa ta hagu sai ya yi bororo ya fashe ya warke. Babu ɗamara mai launi a kendo, don haka mai kallo ba ya gane babba da tufafi, sai dai ta wurin zama.

Idan horo ya ƙare, kowa yakan durƙusa a layi bisa girma, a cire kwalkwali, tururi na tashi daga kawuna. Babban ɗalibi ya ɗaga murya ya ce mokuso, sai a rufe ido, zauren da ke amsa kuwwa ɗazu ya yi shiru. Sannan a rusuna wa gaban zaure, a rusuna wa malamai, yara su ruga su durƙusa gaban malamin da ya sha dukansu a daren su yi masa godiya, iyaye kuma na tsaye a bakin ƙofa riƙe da rigunan sanyi.