Komai Nisan Jifa: Yadda Jirgin Sama Ke Sauka

Duk wadda ta taɓa raka maniyyaci ta san ba tashin jirgi ke tsinka zuciya ba, saukarsa ce. To bari mu ɗan waiwayi tarihi.

Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano. Daga Masar suka taso, jagoransu wani hafsa ne Arthur Coningham. A lokacin babu kwalta, babu hasumiya, a filin dawakai suka dira, ido da hannun matuƙi ne kaɗai abin dogaro bayan Allah. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano.

Shin yaya ake saukar nan? Mu mutanen Kaugama da fadamar Haɗeja ai muna da malamai a gida. Ki lura da shamuwa in za ta sauka: sai ta fuskanci iska, ta baje fukafukai, ta miƙo ƙafafu, ta rage gudu. Wallahi haka matuƙi yake yi. Yakan fuskanci iska, ya buɗe ƙarin fukafukan da ke riƙe jirgi ko gudunsa ya ragu, ya saki tayoyi, ya riƙa gangarowa sannu-sannu. Dab da ƙasa sai ya rage wutar inji, ya ɗan ɗaga hancin jirgin, tayoyin baya su fara taɓawa, sannan ta gaba, kana a kama birki. In titin ya jiƙe da ruwa, da gangan yake dira da ɗan ƙarfi don kada tayoyi su zame.

Amma fa iska ba ta da alƙawari. Ranar 22 ga Janairu 1973, wani jirgi Boeing 707 ya kwaso alhazai daga Jidda zai kai su Legas, rashin kyawun yanayi ya sa aka juyo da shi Kano. Wajen sauka, ga iska mai ƙarfi, ƙafar tayoyinsa ta karye, wuta ta kama. Mutum 176 suka rasu cikin 202. Allah Ya jiƙansu, amin.

Irin waɗannan darussa ne suka sa ake jaddada wa matuƙa cewa in saukar ba ta daidaita ba, su ƙara wuta su koma sama, su zagayo. Ba abin kunya ba ne, sannu ba ta hana zuwa.

A 2014 mu ma Jigawa muka samu filin jirgi a Dutse. Don haka 'yar'uwa, ranar da Allah Ya kira ki Makka, in kin ji ƙarar fitowar tayoyi, ko jirgi ya sake yin sama bayan kin hango ƙasa, kada ki ɗora hannu a ka. Ki ɗaure bel ɗinki, ki riƙe addu'a, matuƙi aikinsa yake yi. Allah Ya sauke mu lafiya.