Dokokin dambe: daga bakin dattawan fage zuwa takarda

A watan Janairun 1824 wani Baturen Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya iso birnin Kano daga Borno. Ya sha jin labarin 'yan damben Hausa, don haka ya aiki baransa da tayin wuri 2,000 a zo a sa zare a gabansa. 'Yan dambe suka iso da makaɗa biyu, mahautan gari na biye da su. Mai kula da fage ya ɗibi ƙasa yana watsa wa 'yan kallo har suka ja da baya, fili ya buɗe. Kowane ɗan dambe ya fito an naɗe masa hannun dama da ƙyallen saƙi. 'Yan mata suka bar tulunansu a bakin rijiya, 'yan kasuwa suka ajiye kaya, kowa ya rugo kallo. Baƙon ya gindaya sharaɗi cewa kada a yi da gaske, domin an gaya masa ana mutuwa a fage.

Duk wanda ya san gidan dambe zai ga cewa wannan bayani na shekara 200 bai tsufa ba. Akwai shugaban fage, akwai kiɗa, akwai hannu ɗaya da aka yarda a ɗaure. Ke nan tun a lokacin wasan yana da doka, sai dai tana bakin manya, ba a takarda ba.

Dambe sana'ar mahauta ce ta biyu. Da kaka, in an shigar da amfanin gona, ƙauyuka na biki ana neman nama, sai su ɗauki wuƙaƙensu da kalangu su bi gari gari, a yi fawa da rana, a yi dambe da yamma. A wannan yawo ƙa'idojin suka zauna. Hannun da aka naɗe da zare shi ne mashi, wanda aka miƙa gaba a buɗe shi ne garkuwa. Ana yin turmi uku. In hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, wato an kayar da shi, magana ta ƙare. In an gama turmi uku kowa na tsaye, sai a ce babu kisa, a raba su. Babu agogo, babu ma'aunin nauyi. Siririn yaro yana iya tsallake sa'o'insa ya nemi ƙato, in ya kayar da shi sunansa ya fita ke nan. Haka aka samu irin su Shago da Ɗandunawa, waɗanda waƙar Ɗan Anace ta sa har yau ake ambatonsu.

Ba duk abin da aka gada ne abin kewa ba. An yi zamanin da wasu ke barbaɗa garin kwalba a zare, wasu na ɗaura akayau a ƙafa. Hana waɗannan gyara ne na gaskiya, kuma iyayen da 'ya'yansu ke shiga fage sun fi kowa sanin haka.

Da dambe ya tare a birane ya samu gidaje na dindindin, irin na Ado Bayero Square da ke Sabon Garin Kano, sai kuɗin ƙofa ya shigo, aka jera 'yan wasa a ɓangarori: Kudu, Arewa, Jamus, Guramada. Inda aka sa mota ko babur a gasa, dole a samu alƙalin da hukuncinsa zai yanke gardama. Hukumar wasannin gargajiya ta ƙasa ta shigar da dambe bikin wasanni na ƙasa tare da kokawa da langa, a can kuwa sai an auna nauyi, an ƙayyade lokaci, an ba da maki. Daga baya YouTube ya kai wasan idon duniya, kamfanoni masu shirya gasa suka zo da likita a gefen fage da dokoki a rubuce. Damben Turawa ma ta wannan hanya ya bi, da dokokin Queensberry na 1867 suka kawo safar hannu da turmi mai minti uku.

Damuwata ita ce a hannun wa alƙalamin yake. In masu sayar da hoton dambe a waje ne kaɗai za su rubuta dokarsa, kirari da kiɗa za su zama ɓata lokaci a idonsu, maki kuma ya danne kisa. Dattawan da suka san dalilin kowace ƙa'ida suna nan da ransu a unguwannin cikin birni, amma kullum raguwa suke. Ya kamata Jami'ar Bayero da hukumar wasanni ta Jihar Kano su zauna da sarakunan fawa da tsofaffin 'yan dambe, a rubuta dokokin da Hausa tun masu su suna iya gyara kuskure.