Tafi: Daga Dandali Zuwa Filin Mitin

Ranar bikin ƙarshen shekara, da wata ɗaliba ta gama jawabi, sai mai gabatarwa ya ce a yi mata "standing ovation". Muka miƙe muka yi ta tafi. To amma wa ya san inda kalmar ta fito?

Ingilishi da Faransanci duk daga Latin suka aro ta. A tsohuwar Rum, "ovatio" ƙaramar tarba ce. Jarumin da ya ci babban yaƙi bisa keken doki yake shiga birni. Wanda aka raina nasararsa kuwa, a ƙafa yake shiga. Haka aka yi wa Karasus a shekara ta 71 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), don bayi ya yaƙa, mutanen Sipartakus. Ka ji fa! Abin da ya fara a matsayin ladan ganin ido, yau shi ne ƙololuwar yabo.

Mu ma namu tafin ya sake gida. A fadar Tasawa ba a tafa wa sarki. Jinjina ake yi, a faɗi gaisuwa, maroƙa su yi kirari, mata su rangaɗa guɗa. A Mayahi ɗan kokowa in ya yi kaye, ihu da kiɗa da kari yake samu. Tafi kuwa na ƴan mata ne, a dandali, lokacin gaɗa.

Lakwal ce ta shigo da shi aji. Mushe ya ce "un ban", yara su tafa a tare, bisa ƙidaya. Bayan Seyni Kountché ya hau mulki a 1974, aka farfaɗo da Samariya. Iyayenmu na tuna yadda ake jera su bakin hanya, cikin rana, suna tafa wa manyan baƙi. Daga 1991, da jam'iyyu suka yawaita, tafi ya koma filin mitin, wani lokacin har da ƴar jikka a aljihu.

Ƴan uwa, ga inda gizo ke saƙa. Mai guɗa ta san wanda take wa, ta san dalili. Mu fa? In an ce mu miƙe, mu fara tambaya: mi ya yi? Rijiya ya gina, ko baki ya iya? Hannuwan namu ne.