Minimalizim

Minimalizim salo ne na fasahar zane da sassaƙa wanda ya bunƙasa a birnin New York na ƙasar Amurka a shekarun 1960. Masu wannan salo suna taƙaita aikinsu ga siffofi masu sauƙi, kamar murabba'i da akwati da miƙaƙƙen layi, babu hoton mutum ko dabba, babu kuma labari. Manufarsu ita ce mai kallo ya ga abin yadda yake: girmansa, da kayan da aka yi shi da su, da wurin da aka ajiye shi.

Asali

Masana suna danganta tushensa da mai zanen ƙasar Rasha, Kazimir Malevich, wanda ya baje zanen baƙin murabba'i a kan farin fili a shekarar 1915. A Amurka kuwa, salon ya taso ne a matsayin martani ga masu zane irin su Jackson Pollock, waɗanda ayyukansu ke bayyana abin da ke zuciyar mai zane. A 1959 Frank Stella ya nuna baƙaƙen zane-zanensa masu layuka a jere. Sunan ya bazu bayan maƙalar masanin falsafa ɗan Ingila, Richard Wollheim, ta 1965.

Bunƙasa

Donald Judd ya riƙa ba masana'antu aikin ƙera masa akwatunan ƙarfe, Dan Flavin kuma ya yi amfani da dogayen ƙwayayen lantarki da ake sayarwa a kasuwa. Baje kolin Primary Structures na 1966 a New York ne ya fito da salon a idon jama'a. Ya kuma shiga fagen kiɗa, inda Steve Reich, wanda ya koyi kiɗan ganga a Ghana a 1970, ya gina ayyukansa a kan maimaita gajeren sauti.

Suka

A 1967 Michael Fried ya soki salon da cewa ya fi kama da wasan kwaikwayo, domin ya dogara ga kasancewar mai kallo. A 1976 jaridun Ingila sun yi ca a kan gidan adana zane na Tate saboda sayen aikin Carl Andre, wato tubala 120 da aka jera a ƙasa, suna tambayar ko ya dace a kashe kuɗin jama'a a kansu.